Karen Biritani da Haƙƙinsa

A arewa maso yammacin Faransa akwai wani lardi, sunansa Biritani. Can ne asalin wani irin kare na farautar tsuntsaye, wanda masu kiwonsa suka kafa ƙungiya dominsa cikin 1907. Matsakaici ne, galibi fari da dabbare-dabbaren ja, ga guntuwar wutsiya. In ya sansano makwarwa sai ya ƙame, ya kafa hanci wajenta, har maharbi ya iso.

Yanzu mutane da yawa suna ajiye shi a gida don ɗebe kewa. Yana son yara, ba shi da faɗa, tsawa kuwa karya masa zuciya take yi. Amma sau da yawa sai magidanci ya kai shi birni, ya kulle shi, ya tafi aiki. Dabbar da ta gaji gudu a saura, ina za ta kai ƙarfinta? Sai haushi, da tonon ƙasa, da yagar takalma. Daga nan a ce ya lalace, a rabu da shi.

Alhali laifin ba nasa ba ne. Haƙƙinsa a fita da shi kullum ya yi gudu kamar awa guda, yana kuwa kai shekara 12 ko fiye. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa.