Kifin Whitby Cikin Rigar Fulawa

Da la'asar na sauka Whitby, garin masunta a gaɓar Tekun Arewa, cikin yankin Yokshaya na Ingila. Kafin in ga teku, ƙanshin suya ne ya tarbe ni. A bakin tashar jiragen ruwa jama'a ne riƙe da kwali mai turiri, suna cin kifi da soyayyen dankali a tsaye, tsuntsayen teku na shawagi suna jiran mai sakaci. Can bisa tudu ga kangon tsohon gidan ibadar Kirista, wanda ake iya taka matakala 199 a kai masa.

Amma kifin da ya zauna mini a rai, a gidan da na sauka na ci shi, ranar wata Juma'a, ranar da mutanen ƙasar suka saba cin kifi tun zamanin da coci ke hana nama a cikinta. Uwargidan, dattijuwa ce 'yar asalin garin, ta ce mini su da giya suke kwaɓa fulawar da ake tsoma kifin a ciki. Ba ta jira na buɗe baki ba, ta ɗauko ruwan soda mai gas daga firij, ta ce shi ma yana yin aikin. Wannan karamcin ya taɓa ni ƙwarai.

Na tsaya a kicin ina kallon hannunta. Kifin hadok ne, fari fat, wanda mutanen arewacin ƙasar da yawa suka fifita a kan kifin kod. Ta tsane shi da tsumma sarai, ta barbaɗa gishiri, ta mulmula shi cikin busasshiyar fulawa don kwaɓin ya kama jikinsa. Sai da mai ya yi zafi ta haɗa kwaɓin, ta juya sau kaɗan ta bari, har da gudaji a ciki. Na yi mamaki, don mai ƙosai a gida bugun ƙullu take yi har hannu ya gaji domin iska ta shiga. A nan iskar tana cikin ruwan tun farko. Yawan juyi korar ta yake yi, ya kuma sa fulawa danƙo. Sanyin ruwan shi ke riƙe kumfar har ta faɗa wuta. Masu sa giya kuwa, ban da kumfa, barasar cikinta ta fi ruwa saurin ƙafewa, shi ya sa rigar ke bushewa da wuri.

Da kitsen shanu ta soya, irin na mutanen Yokshaya, zafinsa wajen digiri 180. Ta kama jelar kifin, ta saukar da shi a hankali, ta ɗan riƙe har kwaɓin ya daskare, sannan ta saki. Guda biyu kawai take sawa a lokaci ɗaya, kada mai ya huce. Bayan kamar minti 7 ta tsame, ta ɗora a kan raga maimakon faranti, don kada turiri ya jiƙa ƙasansa.

Da na fasa rigar, ƙarar ƙaras ɗinta ta cika ɗakin. A ciki naman bai ga mai ba ko kaɗan: turirinsa ne ya dafa shi, yana ɓarewa falle-falle, da ruwansa. Mu mun saba mu ƙafe kifi a mai har ya bushe ƙayau, kuma ina son namu. Amma ban taɓa tunanin za a soya abu a kuma turara shi a tukunya ɗaya ba.

Maigidan ya ba ni tarihi muna ci. Yahudawan da suka taso daga Sifen da Fotugal ne suka kawo wa Ingila suyar kifi cikin fulawa, kuma wajen 1860 Joseph Malin ya buɗe shago a gabashin Landan yana haɗa shi da dankali. A Yaƙin Duniya na Biyu, da gwamnati ke ƙayyade nama da sukari, ba ta ƙayyade wannan abincin ba.

Uwargida ta yayyafa mini gishiri da ruwan khal, ta zuba koren wake da aka dafa ya farfashe a gefe. Sannan ta kwashe 'yan guntayen kwaɓin da suka soye a mai, waɗanda yara ke rububi a shaguna, ta juye mini su duka a faranti.