Sunan Gari Ba Asali Ba Ne

Tun ina makarantar kwana nake amsa sunan Nguru a bayan sunana. Mu uku ne masu suna ɗaya a aji, sai malami ya raba mu da sunayen garuruwanmu, abin ya bi ni har cikin takardun shaida. Ban taɓa jin komai ba, domin kuwa manyan ƙasar nan haka suka yi: Malam Aminu Kano, Malam Sa'adu Zungur, Alhaji Shehu Shagari, duk sunayen garuruwa ne.

Bayan rasuwar mahaifina, Allah ya jiƙansa, ɗana ya tambaye ni wane ne kakan kakansa. Na buɗe baki ban sami abin faɗa ba. Kunya ta sa na kama hanyar Gashuwa, wurin Gwaggona, wadda ita kaɗai ta rage a ɗakinsu.

Da muka gaisa, na ce, "Gwaggo, daga ina muka fito?" Ta yi murmushi, ta ce kakana mutumin Damagaram ne, fataucin fata ya kawo shi Nguru sa'ad da hanyar jirgin ƙasa ta iso daga Kano a 1930. Nan ya zauna, ya auri Babadiya daga Gashuwa. Ta ambaci sunan ubansa da na kakansa, sai ta yi shiru. Can ta ce, "Ɗan nan, wanda ya san saura shi ne mahaifinka. Shekara nawa kuna tare, ba ka tambaye shi ba?"

Maganar nan ta tsaya mini a rai, har ta tuna mini da abin da na karanta game da mutanen Danmak, can arewacin Turai. A dā tsarinsu irin namu ne: ɗan Jens a kira shi Jensen, ɗan Niels a kira shi Nielsen, watau kamar mu ce Musa ɗan Audu, sunan yana canjawa daga uba zuwa ɗa. A 1828 hukuma ta umarci kowane gida ya tsaya kan suna ɗaya, aka ƙara ƙarfafa dokar a 1856. Sai dai sunan bai warware musu komai ba, tun da dubban gidajen da ba su haɗa jini ba suka wayi gari da suna guda. Abin da ya cece su shi ne rubutu. Tun wajen 1645 limaman cocinsu ke rubuta haihuwa da aure da mutuwa a littafi, shi ya sa mai neman asalinsa yau yana iya bin sawun kakanninsa shekaru ɗaruruwa.

Mu kuwa littafinmu yana bakin tsofaffi, kuma kullum ana kai su makwanci. Sunan garin da ke jikin takardata ya faɗi inda aka haife ni ne kawai, bai ce komai ba game da Damagaram ko ƙasar Bade.

Kafin in baro Gashuwa na rubuta duk abin da Gwaggo ta faɗa, na ba ɗana kwafi. Jama'a, wanda yake da sauran tsoho a gida, ya ɗauki alƙalami ya je ya durƙusa gabansa tun yau. Ni na makara da mutum ɗaya, kuma shi ne wanda ya fi kowa sani.