Mabuɗin da Ya Zama Lamba

A watan Oktoba na 1999, wani yaro ɗan ƙasar Norway mai shekara 15, Jon Lech Johansen, ya saki wata 'yar manhaja mai suna DeCSS, wadda ya haɗa tare da wasu mutum biyu da suka ɓoye sunayensu. Aikinta ɗaya ne: buɗe kullen da kamfanonin fina-finai suka ɗaura wa faifan DVD. Hujjar da ya kafa ita ce da kuɗinsa ya sayi faifan, amma kwamfuta mai aiki da Linux ba ta iya kunna shi. A farkon 2000 'yan sanda suka dira gidansu, suka kwashe na'urorinsa.

Sai da aka kai 2003 kafin kotun Oslo ta wanke shi, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da hukuncin a ƙarshen shekarar. Ga alƙalan Norway, wanda ya buɗe akwatinsa da kansa bai yi sata ba.

A Amurka lamarin ya sha bamban, kuma nan ne gizo ke saƙa. Dokar DMCA ta 1998 ba ta tsaya ga hukunta mai kwafar fim ba. Ta haramta karya kullen da kansa, da kuma rarraba abin da ake karya shi da shi, ko da ba a kwafi komai ba. Da wannan doka alƙali Lewis Kaplan ya hana mujallar 2600 wallafa manhajar a 2000, har ma da nuna wa masu karatu inda za su same ta. Wato an ɗaure bakin ɗan jarida saboda abin da wani zai iya aikatawa gobe.

Masu fim suna da gaskiyarsu, domin fim dukiya ce da gumi. Sai dai mabuɗin kwamfuta ba ƙarfe ba ne da maƙeri ke ƙerawa. Rubutu ne, kuma a cikin na'ura kowane rubutu lamba ne. Masu adawa da hukuncin suka buga manhajar a jikin riguna suna yawo da ita. A 2001 kuma wani masanin lissafi, Phil Carmody, ya gano wata doguwar lamba mai alƙaluma 1,401, irin wadda ba ta rabuwa sai da ɗaya ko da kanta, wadda idan aka warware ta sai manhajar ta fito cif.