Gulbin Kwara a Bagudo: Dabbobin Gungu da Al'adun Cika-Ciki

Kogin Neja, wanda mutanen yammacin ƙasar Hausa suka fi sani da Kwara, yana shigowa Nijeriya ta wajen garin Lolo a ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, bayan ya baro Gaya ta Jamhuriyar Nijar da Malanbil ta Jamhuriyar Benin, sannan ya gangara ta gefen Illo, inda gulbin Sakkwato ke zuba masa ruwa daga arewa, ya nufi Yawuri da tafkin Kainji. A wannan tsakani kogin yakan rarrabu ya bar tsibirai, waɗanda ake kira gungu a yankin, wasu na yashi ne da ke nutsewa idan ruwa ya cika, wasu kuwa tudu ne da masunta ke kafa tunga a kansa, wato ɗan ƙauyen zaman kamun kifi. Jirgin ruwa a nan abin neman abinci ne, da shi ake fiton mutane da babura da buhunan shinkafa ranar kasuwa, saboda haka mai son kallon dabbobi sai dai ya yi jinga da wani matuƙi, galibi Basarke ko Bazabarme, wanda ya san inda ruwa ke da zurfi da inda dorina ke kwana.

Abin da baƙo zai gani a gungu ya dogara ne ga lokacin ruwa, domin Kwara cika biyu yake yi a shekara. Ta farko tana zuwa tsakanin Agusta da Oktoba daga ruwan damina na kusa, ruwanta jaja-jaja saboda laka. Ta biyu kuwa tana isowa cikin hunturu, ruwan da ya sauka a duwatsun Gini ne, ya daɗe yana ratsa fadamun Mali har ya tace, shi ya sa yake zuwa garau. Cikin hunturun ne tsuntsaye masu ƙaura daga Turai ke haɗuwa da na gida, irin su zalɓe da balbela da dinya da kirinjijiya, su rufe bakin yashi da sassafe. Da bazara, lokacin da ruwa ya janye, kada kan fito shan hantsi, dorina kuma takan taru a 'yan wuraren da suka rage da zurfi.

Dorina ta fi kowace dabba jan ido, ta kuma fi kowace haɗari. Yini take yi cikin ruwa ba a ganin komai nata sai kunnuwa da idanu da hanci, tana iya nutsewa kimanin minti 5 kafin ta ɗago ta fesar da numfashi, da dare kuma ta hau tudu kiwo, abin da ke haɗa ta faɗa da manoman shinkafa, domin a dare ɗaya takan yi wa gona kaca-kaca. Matuƙin da ya san aikinsa ba ya ratsawa tsakanin uwa da ɗanta, kuma yakan kashe inji tun daga nesa ya koma ga gora. Ayu kuwa, wato dabbar ruwa mai shayarwa da ke cin ciyawar burgu, da wuya a yi ido biyu da shi, sai dai a ga guntayen ciyawa na yawo a kan ruwa. Yawan farautarsa da zago saboda nama da mai da kuma magungunan da ake danganta masa ya sa aka saka shi a rukunin farko na yarjejeniyar kare dabbobi ta duniya a 2013, ko da yake doka a takarda daban take da doka a bakin gulbi.

Ban da dabbobi, baƙo na iya dacewa da al'adun sabuwar shekara, kuma wadda ke da al'ada mai tushe a yankin ita ce ta Hijira, wato watan Muharram, wanda Hausawa ke kira watan cika-ciki. A ranakun 9 da 10 ga wata, Tasu'a da Ashura, ana azumi, da dare kuma a dafa abin da aka ajiye na ragon layya, musamman wutsiya da kai da aka busar, a ci a ƙoshi bisa camfin cewa wanda ya kwana da yunwa a daren haka zai ƙare shekara. Malamai da dama na inkarin wannan camfi, suna cewa azumin ne kaɗai ke da asali. A lokacin ne kuma taubasai, wato 'ya'yan mace da na namiji masu wasa tsakani, ke bin juna kuɗin shara. Tsohuwar al'adar wowwo, inda yara ke kunna karan dawa su yi ta jifa da shi da dare, tana da 'yar'uwa a wajen Bargawan Borgu na Benin da kuma Dagwamba na Gana, kuma ta ja baya ƙwarai a garuruwa. Ga mutanen da rayuwarsu ke kan jirgi, ruwayar da ke cewa ranar Ashura ce jirgin Annabi Nuhu ya tsaya a kan dutsen Judi da dabbobinsa bibbiyu tana da armashi na musamman.

Da yake shekarar wata ta gaza ta rana da kusan kwana 11, cika-ciki ba ya samun gulbin a hali ɗaya. A 2010 Ashura ta faɗo tsakiyar Disamba, ga ruwa garau ga tsuntsayen baƙi. A 2025 ta zo farkon Yuli, lokacin da shamuwa ta riga ta sauka, ruwa ya fara gurɓacewa, hadari kan taso da yamma ba zato. Tafiyar jirgi a irin wannan lokaci tana bukatar sammako da rigar kariya da ƙin yarda da lodin da ya wuce kima, tunda har yanzu mutanen Kebbi ba su manta da jirgin da ya nutse kusa da Wara a watan Mayun 2021 da fasinjoji masu ɗimbin yawa ba. Wanda ke son haɗa cika-ciki da kallon tsuntsayen hunturu a gungun Illo sai ya jira wajen shekarar 2038.