Ƙwaryar Kakata

Ya kai mai karatu, yaushe rabonka da ka tsaya ka dubi tabarmar da kake zama a kanta, ko randar da kake ɗiban ruwa a cikinta? Ina nufin duba na natsuwa, ba giftawar ido ba. Ni ma na daɗe ban yi ba, sai da wata tsohuwar ƙwarya ta koya mini.

A gidanmu da ke Zariya, kakata tana da ƙwaryar da take dama fura a ciki. Sau biyu tana tsagewa, sau biyu gyartai yana ɗinke ta. Mu jikoki mun sha ce mata, "Kaka, ki yar da wannan mu sayo miki ta roba." Sai ta yi murmushi ta ce, "Roba ba ta san hannuna ba."

Wata safiya da hunturu, na fito tsakar gida da sabuwar wayata ina neman abin da zan ɗauka hoto. Na tarar an wanke ƙwaryar an kife ta a kan turmi. Rana ba ta ɗaga ba, haskenta yana zuwa ta gefe. Na ɗauka kawai don in gwada kyamarar. Da na buɗa hoton sai na yi shiru. Ga zanen da aka ƙona da wuƙa mai zafi, layi bayan layi. Ga ɗinkin gyartai kamar jerin tururuwa. Ga kuma wani wuri a bakinta da ya yi baƙi yana sheƙi, daidai inda babban yatsan Kaka yake kamawa shekara da shekaru. Kullum ina ganin ƙwaryar nan, amma sai ranar na san ta.

Daga baya na gane sirrin. Hasken safe da na yamma yana zuwa a kaikaice, sai kowane ɗan tudu ya yi inuwa, kowane ɗan rami ya fito fili. Hasken tsakar rana kuwa yana saukowa daga sama da ƙarfi, ya shafe wannan kyau. Saboda haka ba sai kana da kyamara mai tsada ba. Goge gilashin wayarka, ka matsa kusa, ka riƙe ta kada ta girgiza, ka jira haske.

Tun daga nan idona ya buɗe. A jikin bangon ƙasa na ga sawun yatsun maginin da ya yi yaɓe. A faifai na ga yadda saƙa take farawa daga tsakiya tana kewayawa. Da na je marinar Ƙofar Mata a Kano, na bar tufafin da aka shanya, na ɗauki kumfar baba a bakin rami da shuɗin da ya kama hannun marini. Sai dai ka kula, na nemi izininsa tukuna, domin hannun mutum ba kayan kallo ba ne.

Da Allah ya yi wa Kaka rasuwa, aka kwashe kayan ɗakinta, ƙwaryar ta ɓace. Hoton nan kaɗai ya rage. Abu ɗaya yake damuna har yau: na ɗauki ƙwaryar, ban ɗauki hannun da yake riƙe ta ba. Na zaci akwai sauran lokaci.

To, kada ka yi irin sakacina. Gobe da sassafe, kafin ka tafi makaranta, zaɓi abu ɗaya a gidanku, ko tsintsiya ce ko muciya. Dube shi sosai, ka ɗauki hotonsa. Sa'an nan ka nemi mai shi, ka gaishe shi, ka tambaye shi labarinsa tun yana nan.