Ruwa Ba Ya Tsami Banza

A Ingila intanet ta daɗe tana shiga gidaje ta wayar tarho ta tagulla. Halin tagulla kuwa, gwargwadon nisan gida daga ofishin waya, gwargwadon raunin saƙo. A Nijeriya NITEL, wadda aka kafa a 1985, ita ce mai irin waɗannan wayoyi, amma da salula ta zo a 2001 sai aka yi ta watsi da su. Saboda haka magidanci a Kalgo ta iska yake samun tasa, daga dogon ƙarfen sabis.

Ciwon dai ɗaya ne, watau nawa. Ga ɗansa a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda mazauninta ke Kalgo, ranar rufe rajista ta matso, shafi ya ƙi buɗewa. Mai garaje sai ya hau zagin kamfani. Mai hankali kuwa ya san ruwa ba ya tsami banza, sai ya faro daga kusa. Ya kashe na'ura, ya sake kunnawa. Ya fito da ita tsakar gida, don katanga mai kauri da rufin kwano suna tare sabis. Ya ƙidaya wayoyin yaran da ke ɗiba a rijiya guda. Ya gwada da asuba. In ta yi sauri, to, cunkoson dare ne.

In duk wannan bai yi magani ba, lalle cutar daga waje take. Sa'an nan ne zai kai kuka, a kuma saurare shi, don ya je da hujja a hannu.