Ranar da Muka Kusan Karo a Sama

Har gobe ban manta da wata safiyar hunturu ba. Muna cikin ƙaramin jirgi, muna shirin sauka Damagaram cikin hazo, sai ga wani jirgi ya gifta gabanmu. Ko salati na kasa.

Da muka sauka, matuƙinmu ya ce shi da ɗayan matuƙin sun danna rediyo lokaci guda, muryoyinsu suka haɗiye juna, mai ba da izinin sauka bai fahimci kowa ba. Irin wannan katsewar magana tana cikin abubuwan da bincike ya gano a karon Washinton na 2025, inda mutum 67 suka rasu.

Tun ranar, a biro ko a kasuwa, sai mai magana ya dasa aya nake buɗe baki.